Dami Ashirin da Takwas a Rumbun Malam

Har yau in aka ce ashirin da takwas sai in ji raina ya ɓaci. Ba ni da rigima da ashirin da bakwai, talatin kuwa muna gaisawa. Amma ashirin da takwas ya ci mini akuya, kuma ban yafe masa ba.

A Ɗansoshiya abin ya faru, a shekarun nan da ake ta cewa Turawa sun kusa tafiya, mu kuwa ba mu ga alamar sun taɓa zuwa ƙauyenmu ba balle su tafi. Daga wajen Doguwa aka kawo ni aure. Mijina, Allah ya jiƙansa, malami ne kuma manomi, kamar yadda ya tarar da ubansa. Ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa zagina ba, kuma in ya samu ba ya ɓoyewa. Ciwonsa ɗaya ne, a Bebeji ya ɗauko shi.

Can ya yi karatu wajen wani dattijo da ya san lissafin rabon gado. A cikin abin da aka karantar da su akwai wani ɗan babi a kan halayen adadi, wanda na tabbata dattijon ya bi ta kansa ne kawai don yana kan hanya. Sauran ɗalibai suka ji suka wuce, suka je suna raba wa marayu gonaki. Malam, wato mijina, ya tsaya a wannan babin ya kafa bukka, bai ƙara gaba ba har ya koma ga Allah.

Ni ce ɗalibarsa ta farko a wannan fanni, don ni ce ba ni da wurin gudu. Ina ɓarar gyaɗa zai zo ya tsuguna a bakin tabarma, ya ɗebi wadda na ɓare, ya jera ta a ƙasa. Kowane adadi, in ji shi, yana da danginsa, wato ƙananan adadin da za su raba shi daidai ba saura. Takwas, alal misali, ɗaya zai raba shi, biyu zai raba shi, huɗu ma haka. In ka haɗa su ukun, bakwai za ka samu, bai kai takwas ba. To, takwas naƙisi ne ke nan, danginsa sun gaza masa. Sha biyu kuwa danginsa ɗaya da biyu da uku da huɗu da shida, in sun haɗu sha shida ne, sun fi ƙarfinsa. Wannan shi ne za'idi, mai dangin da suka yi masa yawa. Daga nan sai muryarsa ta yi ƙasa, ya gyara zama, ya jera ɗaya, da biyu, da huɗu, da bakwai, da sha huɗu, ya ce in haɗa. In na haɗa na ce ashirin da takwas, sai ya lumshe ido. Dangin ashirin da takwas ke nan, sun haɗu sun tashi shi kansa, ba ragi ba ƙari. Wannan shi ne tammi, cikakke. Daga ɗaya har ɗari su biyu ne kacal masu wannan daraja, shida da shi, na ukunsu kuwa sai an kusa ɗari biyar. Ni dai abin da na lura shi ne in ya tashi, gyaɗar tana tafiya da shi, don yana bayani yana jefa dangin a baki.

Da ya tsaya a nan da sauƙi. Amma ko'ina ya duba sai ya ga mutuminsa. Haruffan da ake rubuta Alƙur'ani da su ashirin da takwas ne. Taurarin da malamai ke lissafa damina da rani da su ashirin da takwas ne. In ka jera ɗaya, ka sa biyu a ƙarƙashinsa, ka sa uku, har zuwa bakwai, ashirin da takwas za ka samu, a tsare kamar tulin goro a faifai. Gaɓoɓin yatsun hannu biyu ma haka, ya sa na ƙirga nawa na gani. Wata rana ya shigo yana murna don ya laluba bakinsa da yatsa ya tarar haƙoransa huɗu sun zube, saura ashirin da takwas. Ban taɓa ganin wanda giɓi ya faranta wa rai haka ba.

Mutanen gari ma sai da ya raba su. Liman za'idi ne, ga tumbi ga dangi. Maƙeri naƙisi ne. Ni kuwa ya ce ina cikin wani jinsi dabam, irin su sha bakwai da ashirin da tara, waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya. Marayun adadi yake kiransu, ya ce taurin kai gare su. Dariya yake yi da ya faɗa, bai tuna cewa uwata ta rasu ba a daɗe ba, ni kuma ban tuna masa ba. Abin da nake ramawa da shi ɗaya ne. A wajenmu ba a cika cewa ashirin da takwas ba, talatin biyu babu ake cewa. In ina so in ga ransa ya ɓaci sai in faɗa haka, ya yi ta faɗa wai na mai da cikakke mai giɓi.

Uwar tawa ba ta bar mini zinariya ba, akuya ta bar mini. Ja ce, mai farin goshi, mai kwaɗayin tsiya, ranar da za a kawo ni ta ɗaura mata igiya da hannunta ta ba ƙanena ya ja ta har Ɗansoshiya. Haka ake yi a gidanmu: uwa ta ba 'ya akuya, akuya ta yi ta haihuwa, in 'yar ta haifi mace ta girma, daga cikin zuriyar akuyar za a yi mata kayan ɗaki, a kuma ba ta guda ta tafi da ita. Tawa jikanyar ta kakata ce. A shekarar da nake ba da labari ina goye da 'yata ta fari, kuma na riga na ba ta akuyar a zuciyata. In kewar uwata ta taso, wajen turken nake zuwa in zauna kamar mai cire mata kaska.

Kakar waccan shekara ta yi kyau. Aka yanke dawa, aka ɗaure, jakuna suka yi ta jigila. Malam ya fitar da zakka, aka cika ƙaramin rumbu wanda za mu ci da rani, sauran aka jera a tsakar gida don babban rumbu, na damina. Al'adar ke nan a kowane gida: babban rumbu a liƙe shi, ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da hatsi ke tsada kuma jiki ke neman tuwo. Malam ya bi dammunan yana taɓa su ɗaya ɗaya, ya kai ƙarshe, ya dawo ya sake. Ashirin da tara ne. Ya tsaya yana kallon na ƙarshen kamar wanda ya tsinci baƙo a ɗakinsa.

Ana cikin haka wata Bafilatana mai tallan nono ta yi sallama. Mun saba da ita, takan ba ni nono in auna mata hatsi a ɗan ƙoƙo. Malam ya nuna mata damin nan guda, ya ce ta ɗauka. Ta dube shi, ta dubi damin, ta juyo ta dube ni da ido tana tambayata ko maigidan lafiya yake. Na kau da kai. Ta sauke ƙwaryarta ta juye mini nonon duka, ta ciccibi damin ta aza a ka, ta fita da sauri tun kafin ya warke. Ita kaɗai na sani da ta ci moriyar karatun da aka yi a Bebeji.

Da aka zo zubawa, baffansa yana nan. Ƙanen mahaifinsa ne, dattijo mai ƙarancin magana, gidansa na jikin namu, kuma shi ne babba a dangi. Ya ce a kwance dammunan a shimfiɗa zangarniya a jere yadda aka saba, ta fi zama lafiya, rumbu ma ya fi ci. Malam ya ce in an kwance ina adadin yake? Zangarniya ce kawai za ta rage, wadda ba wanda ya san yawanta. A ɗaure aka jefa su, kowanne da igiyarsa ta rama. Malam ya jira har ran ashirin da takwas ga wata, ya hau tsani ya liƙe bakin rumbun da laka, ya ɗora jinka, ya sauko yana karkaɗe hannu. Abin da ya gaza, in ji shi, shi ke ƙarewa, abin da ya yi yawa shi ke zubewa. Cikakke kuwa ba ta inda ɓarna za ta shige shi.

Ba malaminsa ne ya faɗa masa haka ba, na tabbata. Shi ya ƙulla abinsa, kuma bai bar shi a gida ba. Duk ranin nan a gindin durumin ƙofar masallaci ba shi da hira sai rumbunsa. Har mutane suka riƙa shigowa kallo, ni kuma in shige ɗaki in ba su wuri. Su tsaya su dubi rumbun laka irin na kowa, a kan duwatsu irin na kowa, su ce ma sha Allahu, su fita suna ƙunshe dariya.

Bazara ta zo, maza suka shiga baibaya. Jinkar rumbunmu tsohuwa ce, tun zamanin mahaifinsa ake yi mata faci, ta yi baƙi ta zauna. Baffa ya aiko da shuci, ciyawar jinka, ya ce a sauke ta a sabunta. Malam ya ce ran ashirin da takwas ya ɗora ta, ran ashirin da takwas zai sauke ta. Hadari bai san da wannan alkawari ba, ya riga shi. Da gari ya waye bayan ruwan farko, Malam ya zaga rumbun ya ga yana tsaye, ya ce to ga shi nan, me kuma za a gyara? Shucin kuwa, akuyata ta yi ta ja tana ci.

Ƙaramin rumbu ya kai mu har noman fari, sannan na share ƙasansa da tsintsiya. Maƙwabta duk sun buɗe nasu, da hantsi sai ka ji luguden daka ta kowace katanga. Na jira Malam ya dawo daga gona, na kai masa ruwa, na durƙusa na ce hatsi ya ƙare, a fitar mana da dami.

Ya ajiye moɗar a hankali. Ya ce, "Kin san abin da kike nema kuwa? In na cire ɗaya, saura ashirin da bakwai. Danginsa ɗaya da uku da tara, sha uku ke nan, ko rabinsa ba su kai ba. Daga cikakke in faɗo can?"

Na ce, "Malam, ni tuwo nake nema."

Ya ce in yi haƙuri a ga abin da Allah zai yi. Ya shiga kawo ɗan abin da iyayen yara masu karatu ke ba shi, yau mudu, gobe rabin mudu, jibi addu'a. Na shiga haɗawa da tafasa da rama, ina kwaɗo da ƙuli. Da abin ya matsa na ba da kajina aka kai kasuwa. Daga baya 'ya'yan akuyar biyu suka bi su. Ina dakan hatsin da aka auno da tsada a gindin rumbun da ke cike da namu, don a nan inuwa take.

Na aika wa baffa. Dattijon nan ya ba ni mamaki, don bai zo da faɗa ba. Ashe ya zauna a zaurensa da tsakuwa ya koyi wasan ɗan wansa, don ya kama shi da igiyarsa. Ina bayan danga ina jin su. Ya ce a fitar da huɗu, saura ashirin da huɗu, ya lissafa danginsa sun kai talatin da shida, ai ka ga rara ke nan, wa ke ƙin rara? Malam ya ce rara almubazzaranci ce, kuma za'idi bai fi naƙisi ba, duk karkatattu ne, ɗaya ya karkata dama ɗaya hagu. Baffa ya ce to a fitar da ashirin da biyu gaba ɗaya a zuba a ƙaramin rumbu, a bar shida, tunda shi da bakinsa ya ce shida ma cikakke ne. Na ji Malam yana maimaita lissafin a hankali, har na fara murna. Can sai ya ce lallai baffa ya yi tunani, kuma ya ji daɗi da ilmin ya fara shiga dangi. Sai dai shida ƙaramin cikakke ne, yaro ne, ba a sauke babba a naɗa yaro. Baffa ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce da ya san haka karatun Bebeji yake da jaki aka tura, ko ba komai ya dawo da kaya a bayansa.

Yanzu da na tsufa na gane ba lissafi kaɗai ya riƙe shi ba. Ya cika baki a gindin durumi, kuma duk wanda ya shigo kallo da rani yana jira ya ji ranar da za a buɗe. Amma a lokacin ban da haushi ba abin da nake ji. In ya juya baya sai in bi ƙeyarsa da harara har ya fita.

Da marka ta kankama, rumbun ya fara magana da kansa. In na jingina da shi sai in ji ɗumi a bayana, alhali gari a jiƙe yake. Kajin maƙwabta suka mai da gindinsa wurin taro. Sannan wata safiya na ɗaga kai na ga kore a wata 'yar tsaga kusa da wuyansa, dawa ce ta tsiro, ganye biyu shar. Ba sai an yi karatu ba, duk wanda ya taɓa ganin hatsi ya san ruwa ya shiga. Malam ɗan manomi ne, ya fi ni sani. Na nuna masa, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce albarka ce ta yi yawa har tana neman hanyar fita. Ya kuma je ya faɗa a gindin durumi.

A cikin markar nan na yaye 'yata. Yaron da aka yaye ba ya jin kwaɗon rama, kunu yake so, safe da rana da yamma. Ta rame, wuyanta ya fito, kukanta ya koma ƙasa-ƙasa. Ba abin da ya rage a hannuna sai jar akuya. Baffa ya aiko cewa ran kasuwar Kafin Maiyaki zai je, in ina da saƙo. Ya san saƙon, kunya ce ta hana shi faɗa.

Ranar da sassafe, kafin baffa ya ɗaura wa jakinsa akumari, na sami Malam a zaure yana wanke allo. Ban taɓa roƙonsa kamar ranar ba. Na ce masa akuyar nan uwata ce ta ɗaura mata igiya, ita kaɗai ta rage mini daga gidanmu, kuma ta yarinyar nan ce. Na ce dami ɗaya kawai, in ya so ya ɗaura kara ya mayar a madadinsa, ba wanda zai ji daga bakina. Ya saurare ni har na gama, ba zan yi masa ƙarya ba, idonsa ya yi ja. Sannan ya ce:

"Ki yi haƙuri. Can ashirin da takwas ne, nan kuwa akuya ɗaya ce. Malaman hisabi ma sun ce ɗaya ba adadi ba ne, tushen adadi ne kawai."

Na tashi. Na kwance akuyar daga turke da kaina, na kai ta bakin zaure na miƙa wa baffa igiyar. Ba ta son tafiya, ta turje, sai da ya ja. Ina jin kukanta har suka sha kwanar masallaci, na koma gindin turken na zauna na yi nawa.

Da la'asar baffa ya dawo da hatsi a taiki. Ya sauke, ya sa hannu a aljihu ya fito da igiyar ya ba ni, ya ce wanda ya saya ya zo da tasa. Ban tambaye shi ko mahauci ne ba, shi ma bai faɗa ba. Na dama wa yarinya kunu, ta sha har ta yi barci da ludayi a hannu.

Amma ba hatsi kaɗai baffa ya auno a kasuwa ba, ya auno da labari. Tun kwanaki rumbun ke wani tsami-tsami, mu da ke ciki hancinmu ya saba. Masu wucewa ta bayan katanga nasu bai saba ba. Jiƙaƙƙiyar dawa da ta tsiro ta kwana cikin ɗumi, kowa ya san abin da ake yi da ita a wasu gidajen can cikin duwatsu, kuma ya san warinta. A rumfar masu hatsi baffa ya ji ana cewa wai akwai wani malami a Ɗansoshiya da ya liƙe rumbu ya hana kowa taɓawa, har matarsa, ashe giya yake dafawa a ciki. Wani ma ya rantse cewa shi ya sa ake ganin mutane suna shiga gidan da rani suna fitowa suna dariya. Baffa ya faɗa wa Malam wannan a tsakar gida, da ƙarfi yadda zan ji, bai rage ko kalma ba. Da magariba Malam ya je masallaci ya tarar sahu ya yi masa faɗi, na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa. Washegari yara biyu ba su zo karatu ba.

Ran nan ba ashirin da takwas ga wata ba ne, ban ma san ko nawa ba ne, shi ma bai tambaya ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba ya jingina tsani. Yunwar 'yarsa ba ta hau da shi tsanin nan ba, hawayena bai hau da shi ba, maganar baffansa ba ta hau da shi ba, sai da aka taɓa rawaninsa. Wannan ne abin da na kasa haɗiyewa, har yau kuwa yana nan.

Ya kira liman da baffa da wasu dattawa biyu su zama shaida. Da ya ɗaga jinkar sai ta wargaje a hannunsa. Lakar da ya liƙe bakin da ita ta daɗe da narkewa ta faɗa ciki. Wani tururi ya taso, liman ya ja da baya yana toshe hanci da gefen rawani. Malam ya leƙa, ya daɗe a sunkuye, sannan ya tattare rigarsa ya zura ƙafa ya shiga.

Abin da ya riƙa miƙowa ba dami ba ne. Na sama sun tsiro sun sarƙe da juna, saiwa fari fat. Na tsakiya sun yi baƙi sun yi funfuna. Na ƙasa sun zama taɓo, da ƙwarya aka kwashe su. Abin da aka tsinta mai kama da hatsi bai cika faifai biyu ba, shi ma da aka watsa wa kaji sai suka shinshina suka bar shi. Dattawa suka shaida cewa ba giya ba ce, asara ce kawai, suka yi masa jaje suka ce Allah ya mayar da alheri. Na ga sauƙi a fuskarsa da suka faɗi haka, sunansa ya wanku. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, baffa ne kawai ya tsaya.

Malam bai fito nan da nan ba. Muna jin motsinsa a ciki yana lalube. Da ya fito, jikinsa duk baƙin taɓo har gemu, hannunsa riƙe da igiyoyin ramar da aka ɗaure dammunan da su. Sun yi baƙi amma ba su ruɓe ba, kowacce da ƙullinta. Ya tsuguna a tsakar gida ya shiga jera su a ƙasa, ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinta, uku, har layi na bakwai, yadda yake jera mini gyaɗa. Layin ƙarshe ya cika daidai. Ya ɗago ya dubi baffa, ya dube ni, da wata 'yar murya ya ce:

"Kun gani dai. Ko ɗaya bai ɓata ba."

Baffa ya kau da kai. Ni kuwa na shiga ɗaki, na ɗaga tabarma na ɗauko igiyar akuyata. Na zo na durƙusa a gabansa yadda mace ke durƙusa wa mijinta, na shimfiɗa ta a ƙarƙashin layin na bakwai, ita kaɗai.

Na ce, "Malam, a sake ƙirgawa."

Ya san igiyar, kullum yana tsallake ta in zai fita gona. Na ga leɓensa yana motsi, don ba ya iya ganin abu a jere bai ƙirga ba. Ya kai ƙarshe ya tsaya a ashirin da tara. Na jira ya gaya mini dangin wannan adadin, bai gaya mini ba.

Mun ƙarasa daminar da hatsin akuya da abin da baffa ya riƙa turowa ta kan katanga. Mun yi shekaru masu yawa tare bayan haka, kuma bai sake ɗebar mini gyaɗa ba. Da 'yata ta tashi aure an yi mata kayan ɗaki daidai gwargwado, an kai ta Tudun Wada da tasoshinta da tabarminta. Ƙanenta ya raka ta har can, hannunsa ba igiya.